Ƙwaƙwalwar Motar Hajiya Zuwera

A kan iyaka, bayan mun wuce Ɗan Isa, aka fara tambayar mu abin da ke cikin zanen da na rungume.

Wani akwatin ƙarfe ne fari, bai fi littafina na lissafi girma ba, gefensa da ramuka uku cike da ƙananan allurai. Ƙwaƙwalwar motar Hajiya Zuwera ce, mai fataucin wake a Gazawa. Babana, Isuhu, bakanike ne a Cadawa, garejinsa na bakin kwalta. Tun kafin a haife ni da kunne yake gyaran mota: a tayar, ya karkata kai, ya faɗi ciwon. Motocin yanzu kuwa ba sa faɗa wa kunne komai. Shi ya sa Kawu Lawali, ƙanen Inna da ke sayar da kayan mota a Kano, ya aiko masa da odinatar, wato kwamfuta, da wata igiya mai ƙaton kai. Ana jona ta ƙarƙashin sitiyari, mota ta faɗi ciwonta a rubuce. Baba bai yi lakol ba, don haka ni nake karanta masa idan na taso daga kwaleji.

Motoci da yawa sun yi magana da odinatar ɗin nan. Ta Hajiya ce ta ƙi. Motar da ƙafarta ta shigo gareji, wata fitila ruwan ɗorawa tana ci a gaban direba, kuma ba ta da ƙarfi idan an yi mata lodi. Muka jona igiya, gilashin ya rubuto layi ɗaya da Faransanci. Na ce, "Baba, ta ce babu magana tsakaninsu." Baba ya kashe kontak ya kunna. Ya canza batir. Ya hure ramin jonawar, ya goge alluran da tsinke da auduga. Na kashe odinatar na sake tayar da ita har na gaji. Layin nan dai shi ne. Da aka kira Kawu a waya, ya ce ƙwaƙwalwar ce ta soma mutuwa, a ciro ta a kai masa Kano, akwai likitanta. Hajiya ta ce, "Isuhu, wake ya kusa shigowa kasuwa. Amana ce na ba ka." Baba ya ce mako ɗaya. Lokacin hutu ne, sai aka ce in bi shi, ko za a nuna wani rubutu.

Jami'in da ya tsayar da mu ya sa na kwance zanen a kan bonet ɗin motar jami'an.

"Mene ne wannan?"

"Kalkilatar ce, ranka shi daɗe," in ji Baba. Haka bakanikenmu suke kiran ta.

"Kalkuleta?" Ya juya ta sama da ƙasa. "Ina madannan? Ina gilashin? Malam, ni za ka raina wa hankali? Ɗana ma yana da kalkuleta."

Sauran suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya dubi alluran, ya dubi igiyar da ke jakar Baba, ya ja baya taku ɗaya. Aka shiga da Baba wani ɗaki. Direbanmu ya jira kaɗan, sannan ya sauke jakarmu a ƙasa ya ja motarsa. Matar da ta ci gyaɗata tun daga Maradi ko waiwayowa ba ta yi ba.

Na tsaya a rana da zanen a hannu. Wata jami'a mai ɗan gemu guda biyu a haɓa ta yafito ni, ta zaunar da ni a benci, ta miƙo mini ruwan leda. Ta ɗauki akwatin daga kan bonet ta duba.

"Wannan ai birenbos ne. Mijina direba ne, ya taɓa kwana uku yana kuka a kan irinsa. Ku me kuka ce?"

Na faɗa mata, da ƙyar ta ji.

"To a nan ba wanda ya san wannan. Birenbos. Ce mu ji."

Na ce. Ta yi dariya har hularta ta karkace, ta ce bakina kamar na mai tsoron ƙona harshe. Ta kira jami'in waje suka yi magana da Turanci. Bayan wani lokaci Baba ya fito yana gyara aljihun rigarsa. Fuskarsa ba ta mai son a yi masa magana ba ce. Na rubuta kalmar a bayan kaye na, littafin rubutun lakol, ban gaya masa ba.

A tashar Katsina mai shayi ya gaishe da Baba, Baba ya ce, "Lahiya lau." Masu zaman bencin suka ɗauka suna maimaitawa. "Lahiya! Mutanen Faransa sun iso!" Ba da mugunta ba ne, na sani, amma daga nan na rufe bakina gaba ɗaya. Ko fitsari da ya matse ni ban faɗa ba sai da muka kusa Kano.

A motar Kano an cusa mu mutum huɗu a kujerar uku. Ba ni son haɗa ido da kowa, sai na buɗe bakin zanen ina kallon akwatin. Akwai takarda manne a bayansa mai lambobi layi biyu. Kusurwarta ɗaya ta ɗago ta lanƙwashe kamar kunnen akuya. Kusa da ita akwai ɗan loɓawa, inda sifana ta kufce wa Baba ranar da yake ciro ta. Na karanta lambobin daga farko zuwa ƙarshe, na karanto su daga ƙarshe, har suka zauna mini kamar karatun allo. A waje gero ne irin namu, da kuka irin tamu, amma allunan bakin hanya ba wanda na iya karantawa. Na yi ta tunanin yanzu Inna tana tankaɗe, kuma wa zai ɗebo mata ruwa.

Kawu Lawali ya tarye mu kamar sarakai. Ya rungume Baba yana cewa, "Yaya, har yanzu kunne kake kangawa jikin mota kamar mai satar jin gulma?" Baba ya ce, "Kai kuma har yanzu tumbi kake tarawa, ba hankali ba." Tsakaninsu akwai wasa, tunda ƙanen matarsa ne. Ni kuwa ya ce, "Balkisa! Ƴata ta kaina! Har kin fi uwarki tsawo." Shi ya saya mini jakar lakol ta farko, ja mai hoton agwagwa. Ina son Kawu. Duk gidanmu ana son Kawu.

Shagonsa na cikin kasuwar kayan mota, wani lungu da ƙasarsa ta yi baƙi da mai. Ya karɓi akwatin, ya duba takardar baya kafin ya duba komai. Na ga ya karanta lambobin sau biyu, leɓensa yana motsi. Ya ce, "Kalkilatar ɗin nan ta sha wuya, Yaya. Sai likita ya gani."

Aka kira azahar, Baba ya tafi masallaci. Ni ina zaune kan wata jarka bayan tulin fitilun mota. Kawu ya ɗauko waya.

"Alhaji, birenbos ɗin nan ya iso. Eh, lambar ce daidai. Lafiyayye garas, daga Nijar, ko buɗe shi ba a taɓa yi ba. Ka turo a ɗauka."

Yana ajiye wayar muka haɗa ido. Ya yi mini murmushi, ya aika aka sayo mini lemo mai sanyi. Bai damu ba, don a saninsa mu kalkilatar kaɗai muka sani. Na riƙe kwalbar har ta huce a hannuna.

Kwana uku muka yi a gidansa muna jiran likita. Matarsa ta kyautata mini, ta yi mini kitso, ta ba ni ɗankunne. Ni kuwa maganar tana nan a raina. Na ce wa kaina wataƙila wani birenbos ne daban, shagonsa cike yake da kaya. Amma na lura da abu ɗaya. Da maƙwabtansa na kasuwa birenbos yake cewa. Idan ya juyo wajen Baba, ko a tsakiyar zance ne, sai ya koma kalkilatar. Bai taɓa kuskurewa ba. Sau biyu na je kusa da Baba yana alwala, na buɗe baki, na rufe. Yaya yarinya za ta ce ƙanen uwarta ɓarawo ne, a gidansa, da tuwonsa a cikinta?

Rana ta uku Kawu ya dawo da akwatin a leda. Ya ce likita ya sha fama amma ta tashi. Baba ya yi ta godiya. Aka miƙo mini in naɗe a zane. Ina karɓa na ga takardar a shafe lumui, ba kunnen akuya. Na shafa wurin loɓawar da yatsa, sumul. Layin lambobi na farko daidai yake, na biyu ya bambanta daga tsakiya.

"Baba," na ce, "ba ita ba ce."

Kawu ya kece da dariya. "Ji ƴar boko! Likita ya wanke ta ya manna sabuwar takarda, ƴata. Mai ciwo idan ya fito asibiti ai da sabuwar riga yake fita."

"Amma loɓawar..."

"Balki." Baba bai ɗaga murya ba. "Kul. Manya na magana."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na naɗe akwatin, na ɗaure zanen da ƙulli biyu, don hannuna ya samu abin yi.

A tashar komawa motar Katsina ta ƙi cika. Muka fake a inuwar wata rumfa ta mai gyaran wayoyin mota, wani tsoho Bayarabe da ake kira Baba Tijani, tabarau ɗinsa ɗaure da zare. Ya ga hannun Baba ya gane ɗan sana'a ne, ya matsa masa a benci. Hira ta kai su ga abin da ya kawo mu. Tsohon ya saurara yana fere wata waya da reza.

"Da ka jona igiyar," ya ce, "ƴar fitilar da ke kanta ta kama?"

Baba bai lura ba. Shi gilashi yake kallo a lokacin, yana jiran in karanta.

"Ba ta kama ba," na ce. Ni ma ban san na faɗa ba. "A sauran motoci kore take yi. A wannan ba ta yi komai ba."

Tsohon ya sauke tabarau ya dube ni. "Yauwa. Wurin kunna taba fa, inda ake cajin waya, yana aiki?"

Na tuna direban Hajiya ya roƙi Baba ya jona wayarsa a gareji. Ya ce na motar ya mutu tun ranar kasuwar Gazawa, da masu awo suka jona wayoyi shida a kai ɗaya. Na faɗa.

Baba Tijani ya ajiye rezar. "Maigida, fiyus ne. A irin motar nan fiyus ɗaya ke ba wurin taba wuta, shi ke ba ramin jonawa. Igiyarka ba ta samu wuta ba, da me za ta yi magana? Ƙwaƙwalwa tana nan tana jira, ba wanda ya ƙwanƙwasa mata ƙofa." Ya laluba gwangwanin madara ya ciro wani ɗan abu shuɗi, bai kai farcena ba, ya sa a tafin Baba. "Ka riƙe, kyauta."

"Fizibil," in ji Baba a hankali, yana kallon tafinsa. "Mu fizibil muke cewa."

Daga nan ban iya riƙewa ba. Na dubi yatsun ƙafata na faɗi komai. Na ce ranar da aka kira Kawu daga Cadawa, da Baba ya miƙo mini waya in karanta masa rubutun, tambayoyin nan biyu ya yi mini, na fitilar da na wurin taba, na ba shi amsar da na ba tsohon nan. Sai da ya ji amsar sannan ya ce a ciro ƙwaƙwalwa. Na faɗi abin da jami'ar kan iyaka ta koya mini, da abin da Kawu ya ce wa Alhaji a waya. Na faɗa da muryar da ya faɗa.

Tsohon ya karɓi akwatin ya duba. "In ba taku ba ce, ba za ta san makullinku ba. Motar ko tari ba za ta yi ba." Ya mayar mini da shi da hannu biyu. "Allah ya kyauta."

Baba ya miƙe. Bai ce mini na yi daidai ba, bai ce na yi laifi ba. Ya ɗauki jaka muka koma kasuwa a ƙafa, ni a baya ina sassarfa.

Muka tarar da Kawu yana cin shinkafa a shago. "A'a, Yaya, mantuwa aka yi?"

"Ina birenbos ɗin Hajiya, Lawali?"

Cokalin ya tsaya a hanya. Ya dube ni, ba irin kallon da ya saba yi mini ba.

"Maganar yarinya za ka ɗauka?"

"Balki, faɗi lambar."

Na faɗa, layi biyun, ba tare da na kalli komai ba. Maƙwabtan shago sun fara leƙowa. Kawu ya rufe kwanonsa, ya sassauta murya.

"Ta tafi, Yaya. Wanda ya karɓa ba irin mutanen da ake komawa wurinsu ba ne. Wannan da na ba ka ma mai kyau ce, a nemi mai haɗa ta da makulli. Hajiyarku ai ba matsiyaciya ba ce."

"Amana ce aka ba ni."

"To kai ƙara." Ya buɗe hannuwa. "Ga ofishin ƴan sanda can. Kai baƙo ne, ka ga yadda aka yi da kai a kan iyaka. In ka gama kuma ka je ka gaya wa Yaya Hassu kai ka sa aka ɗaure ƙanenta."

Hassu ita ce Inna. Su biyu kaɗai suka rage a ɗakinsu.

Baba ya ɗauki jaka. Sannan ya ce, "Mu tafi, Balki." Muna fita Kawu ya ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji: "A gaida gida! A gaida Yaya!"

Tsakanin Katsina da Jibiya Baba ya yi magana sau ɗaya. Ya ce, "Uwarki ba za ta ji wannan daga bakina ba. Daga naki fa?" Na girgiza kai. Ya ce, "Da na saurare ki tun a shago." Ya juya yana kallon taga.

Da safe muka isa Cadawa, ko gida ba mu shiga ba. Baba ya buɗe akwatin fizibil na motar, ya zaro na wurin taba ya ɗaga a rana. Zaren cikinsa a tsinke. Ya sa shuɗin da tsohon ya ba shi, ya ɗaura baƙuwar ƙwaƙwalwar, na jona igiya. Ƴar fitilar ta kama, kore shar. Gilashin ya cika da rubutu, layi bayan layi, abin da muka yi kwanaki muna roƙo.

"Me ta ce?"

"Ta ce ba ta san makullin nan ba."

Ya murɗa duk da haka. Injin ya juya, ya juya, bai kama ba.

Hajiya Zuwera ta iso bayan azahar. Ta saurari ƙarar, ta dubi Baba.

"Isuhu, da ƙafarta ta shigo garejinka."

"Haka ne, Hajiya. Ƙwaƙwalwar motarki lafiyarta lau, ni ne ban gane ba na ciro ta. Na kai ta Kano ta salwanta a hannuna. Laifina ne."

"A hannun wa ta salwanta?"

"A hannuna."

Ta ce, "Na ɗauka kai ne mutum ɗaya mai amana a bakin hanyar nan." Ta kira babbar mota aka ɗaure tata da igiya, aka ja ta zuwa Maradi a hankali, ta gaban masu shayi da masu faci da duk direbobin tasha. Wani mai ƙaramar mota da ya kwana biyu yana jiran dawowar Baba ya ce ya tuna yana da uzuri a Agye, ya tayar ya tafi.

Labari ya riga mu isa gida. Inna ta ajiye wa Baba tuwo, ta zauna gefe tana juya wayarta.

"Malam, ka kira Lawali mana. Ya san manya a Kano, ko zai samo wata."

Baba ya wanke hannu ya yi bisimilla. "Lawali ya riga ya yi mana abin da zai iya, Hassu."

"Haka yake tun yana ƙarami, ba ya iya ganin nasa cikin wahala. Allah ya saka masa da alheri." Ta juyo wajena. "Ke Balki, ana yi wa kawunki addu'a kin yi tsit."

Baba bai ɗago daga kwanonsa ba.

Na ce, "Allah ya saka." Inna ta jira sauran. Na ɗauki bokiti na tafi rijiya.